Gurbi Ɗaya a Kundin Rafkat

A garinmu Cistofol, nan bakin kogin Kama, in mutum ya share ɗakin kakarsa ya tono kwalbar tsofaffin kwabban zamanin Sobiyet, ba ya tambayar kowa inda zai kai ta. Gidan Rafkat-abi, wato Yaya Rafkat a yarenmu, zai nufa, hawa na biyu, ƙofa mai koren fenti. Zai shiga yana taku ɗaiɗai, ya zazzage kwalbar a kan teburin cin abinci, ya koma gefe yana jiran a gaya masa ko mota zai saya ko gida. Shi kuwa Rafkat-abi zai sa tabarau, ya baza kwabban da yatsa ɗaya, can ya ce, "Ƙanena, sha shayi tukuna." Duk wanda aka ce wa ya sha shayi tukuna ya san babu komai a kwalbarsa.

Gaskiyar maganar ita ce an buga kwabban nan da yawan da ya wuce misali, har ana sayar da yawancinsu a kan sikeli kamar tsohon ƙarfe. Sai dai akwai 'yan shekarun da aka buga kaɗan, kuma su ne masu tara tsofaffin kuɗi ke bi ido rufe. Jama'a sun ji rabin labarin sun bar rabi, shi ya sa matarsa Gulfiya ta fi kowace mace a unguwar ƙarar da ganyen shayi.

Rafkat bai fara wannan abu don neman arziki ba. Shekara ashirin da shida ya yi yana aikin tarhon kan titi. A wancan zamani kira ɗaya kwabo biyu ne, ƙwaya ɗaya ruwan ɗorawa, ka jefa a bakin tarho ka yi magana. Shi ne mai zagayawa da jakar fata da makullai, ya kwashe abin da aka jefa, ya gyara wanda ya shaƙe. Babu abin da bai ciro daga cikin tarho ba: maɓallin riga, murfin kwalba da aka daddake, kwabon da aka ɗaura wa zare don a jawo shi bayan an gama hira. Wata rana wani tarho ya shaƙe da kwabon 1936, ya ciro shi, ya tsaya yana kallon shekarar, ya ga kwabon ya girme shi. Daga ranar ya fara duba shekarar duk wanda ya ratsa hannunsa.

Yana da doka guda. In ya ga shekarar da ba shi da ita, sai ya kai jakar gaban matar da ke karɓa a ofis, ya ɗaga kwabon ta gani, ya ciro wani daga aljihunsa ya jefa a madadinsa. Abokan aikinsa sun yi masa dariya har suka gaji. Kwabo biyu fa, a jakar da ba ta ɗaguwa da hannu ɗaya. Shi dai cewa yake bai iya barci da kayan wani a aljihu ba, kuma wanda ya san shi ya san ba cika baki yake ba.

Tarayyar Sobiyet ta watse, kwabban suka daina sayen ko ashana, daga baya aka tumɓuke rumfunan tarhon ma. Rafkat ya yi ritaya da kundinsa mai shuɗin bango. Kowane shafi na da 'yan aljihunan roba, ƙarƙashin kowanne ya rubuta shekara da hannunsa. Kwabo biyu kawai yake tarawa, irin mai shiga bakin tarho, daga 1926 har 1991, in ka cire shekarun da ba a fitar ba. Duk aljihunan sun cika, saura ɗaya a layin farko, na 1927.

Wannan gurbi shi ne ciwon Rafkat. Na ashirin da bakwai yana cikin waɗanda ba a cika samu ba, kuma kuɗinsa a wurin dillalan birnin Kazan ya fi ƙarfin ɗan fansho. Ko da yana da kuɗin ma ba zai saya ba, don bai taɓa sayen kwabo ba a rayuwarsa. Tsinta yake, ko musaya. Kullum da safe bayan shayi yakan buɗe shafin farko, ya kalli gurbin, ya rufe. Gulfiya ta ce da yana kallonta kamar yadda yake kallon ramin nan da ta ƙara shekara goma a duniya.

A shekarar da ya cika sittin da takwas, da ƙanƙara ta fara narkewa tituna suka zama taɓo, Gulfiya ta aike shi kasuwa.

"Tsoho, ka sayo min irin karas. Wurin Minzifa-apa, ba na shago mai hoto a leda ba. Ƙunshi ɗaya, ka ji? Ɗaya."

Minzifa-apa, wato Yaya Minzifa, 'yar gajeriyar tsohuwa ce mai ɗankwali fari da muryar da ake ji daga layin masu kifi. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Teburin da ɗan sikelin mai faranti biyu ta gaje su ne daga uwar mijinta, shekara talatin da ɗaya ke nan. Irin da take sayarwa daga lambunta yake, tana ƙunshe shi a takardar jarida. Ba ta da duwatsun awo, kuma ba ta bukata. Kowa a nan ya san kwabon Sobiyet nauyinsa na rubuce a jikinsa: kwabo ɗaya giram ɗaya, biyu giram biyu, uku uku, biyar biyar. Da su take awo. Tumatir da kwabo ɗaya, kokwamba da uku, karas da biyu.

Ta jefa kwabo biyun a faranti, ta fara zuba iri a ɗayan. Rafkat bai sa tabarau ba, amma idon da ya yi shekara ashirin da shida a cikin tarho ba ya bukatar a yi masa bayani. Launin kwabon ya fi na sauran duhu, rubutun kuma irin na da ne. Ya laluba aljihu ya sa tabarau, wai zai duba ko irin na da kyau. Ya sunkuya. Ɗaya, tara, biyu, sai bakwai ɗin nan a ƙarshe, ya ɗan goge amma yana nan tsaye kamar fartanya.

"Mai tarho, lafiya? Hancinka zai shiga farantina."

"Lafiya lau, apa. Irin ne ya yi kyau."

"Yau ka fara sani?"

Ya dawo gida ya zauna a kujera da hularsa da takalminsa, har Gulfiya ta taɓa goshinsa ta ji ko zazzaɓi ne. Washegari ya koma, don ya tabbatar ba idonsa ne ya yaudare shi ba. To ba a zuwa teburin Minzifa-apa a tsaya kallo, kuma kwabo biyun ba ya fitowa daga gwangwani sai an sayi karas. Ya sayi ƙunshi biyu. Rana ta uku ya sayi uku. Cikin kwana tara ƙunshi ashirin da uku suka taru a kan firji.

Gulfiya ta tsaya tana kallonsu, hannu a ƙugu. "Lambun namu taku goma ne, tsoho. Zomaye za ka fara kiwo?"

"Iri ba ya lalacewa."

"Mai zuma ta kasuwa ta ce min kullum kana teburin Minzifa-apa kana sunkuyo kamar mai neman aure. Na ce mata in dai apa na so, ta zo ta kwashe ka da kwalabenka duka, zan ma biya kuɗin mota."

A nan ya gaya mata. Ta daina dariya, don ta san ramin nan shekara arba'in. Ta ce, "To sai ka yi yaya?" Ya ce shi ma abin da bai sani ba ke nan. In ya gaya wa Minzifa-apa abin da ke hannunta, kwabon ya fi ƙarfinsa, Kazan zai tafi. In bai gaya mata ba, ya cuci gwauruwa.

Ranar Lahadi ya kai maganar wurin abokinsa Arkadi, tsohon likitan haƙori, wanda ke tara komai, daga kwabo har lambar yabo. Arkadi ba mugu ba ne, amma irin mutanen nan ne da ke ganin duk abin da mai shi bai san darajarsa ba, Allah ne ya ajiye musu.

"Kai dai ka cika wahalar da kanka," in ji Arkadi. "A wurinta giram biyu ne, ko ba haka ba? Ba ta giram biyu ka ɗauki naka. Ina da akwatin duwatsun awo na tagulla, na ɗakin magani, masu kyau. Kai mata kyauta, ka ce ta ba ka tarkacen nan ka zubar mata. Har addu'a za ta yi maka."

"Likita, wannan ba sata ba ce?"

"Musaya ce. Ba kai ne sarkin musaya ba? In ba za ka iya ba, faɗa min layin da take."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta tsorata Rafkat, ya karɓi akwatin. Ya ajiye shi kwana biyu bai taɓa ba. Ranar Talata ya je sayen karas kamar kullum, sai Minzifa-apa ta ɗaga kwabon tana yatsina fuska.

"Dubi yadda suka yi baƙi. Jibi Alhamis zan zauna in dirje su da toka da yashi, kafin babbar kasuwar Asabar. Duk shekara nake yi, sai sun yi ƙyalli kamar haƙorin Makka."

A wurin masu tara kwabo babu laifin da ya kai dirza, kuma bakwai ɗin nan ba lallai ta kai wata shekarar ba. Laraba da sassafe ya ɗauki akwatin ya fita.

Ya buɗe shi a kan teburinta, duwatsun na kwance a jan ƙyalle suna walƙiya. Ya faɗi abin da ya haddace a hanya, muryarsa na fita kamar ta wani. Ta duba, ta rufe akwatin, ta tura masa.

"Na gode, ƙanena, amma mayar. Wa ya san abin da ke cikin waɗannan? In na sa su, sai a ce Minzifa ta fara wayo. Kwabo kuwa kowace tsohuwa na da irinsa a gida, in tana shakka ta zo da nata mu gwada. Shekara talatin da ɗaya ba wadda ta taɓa zuwa da nata."

Ta faɗi haka tana ɗaga kai. Rafkat ya sa hannu a aljihu, inda ya tanadi wani kwabo biyu na 1979.

"To apa, ko za ki musanya min wancan na karas da wannan? Ya fi shi haske."

"Me ya sa?"

Tambaya ce ƙarama, kuma Arkadi zai iya ba ta amsa goma kafin ta ƙifta ido. Rafkat ya buɗe baki, sai ya tuno fuskar matar ofis ɗin nan ta da, wadda yake ɗaga wa kwabo ta gani kafin ya ɗauka. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Don na ashirin da bakwai ne, apa. Shekara arba'in ina nemansa. In kin kai shi Kazan, duk da gogewar da ya yi, za a ba ki abin da ba kya samu a iri cikin shekara biyu. Na zo ne in raba ki da shi ba ki sani ba, kuma na kasa. Ki yafe min. Abu ɗaya nake roƙo, kada ki sa masa toka."

Ta kalle shi, ta kalli kwabon, sai ta fashe da dariya har tana riƙe tebur. "Ashe karas ɗin nan duk na wannan ne. Ni kuwa har na fara tausayin Gulfiya. Shekara biyu, a wannan ɗan baƙin? Wa ya ce ma ba na jabu ba ne?"

Jin dariyarta, bakin Rafkat ya buɗe. Ya ciro ɗan sikelinsa mai batir wanda ba ya rabuwa da shi, ya ɗora kwabon. "Kin gani? Giram ɗaya da ɗigo saba'in da tara. Haka ya kamata. Ya sha hannu, ya sha aljihu, ya sha tokarki. Na jabu sabo ne, ba ya ramewa haka."

Murna ta hana shi lura da cewa dariyar ta tsaya.

"Sake faɗa," in ji ta. "Nawa?"

"Ɗaya da saba'in da tara."

"Ba biyu ba."

"A'a, ai ya goge..."

"Ka san ƙwayar karas nawa ce a giram ɗaya, mai tarho? Ta kusa ɗari takwas." Ta yi lissafi da yatsu. "Wato kowane ƙunshi na rage wa mutane karas ɗari da saba'in. Kowane ƙunshi. Ni da nake tsayawa a nan ina ɗaga murya ina cewa a zo a gwada."

"Apa, ba wanda ya taɓa kuka."

"Don ba su sani ba ne. Ni ma da ba ka gaya min ba, ai da ban yi kuka ba."

Ta tattara ƙunsunanta ta zuba a jaka, ta naɗe sikelin a tawul, ta tafi da rana tsaka, abin da ba a taɓa gani ba. Rafkat ya dawo gida da akwatin Arkadi a hammata. Ya rasa kwabon, wannan ya sani, amma ba shi ne ya fi damunsa ba. Ya kunyata tsohuwar da ba ta yi masa komai ba, da ɗan sikelinsa na banza. Alhamis bai buɗe kundin ba, bai ma gama shayinsa ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka ƙwanƙwasa koriyar ƙofar. Minzifa-apa ce, da sabon ɗankwali, tana haki saboda matakala. Gulfiya ta zaunar da ita ta kawo shayi da madara da zuma. Sai da ta sha kofi biyu sannan ta ciro wani ɗan ƙunshin jarida, irin na karas, ta ajiye a tebur.

"Ga ɓarawonku nan. Ban sa masa toka ba."

"Apa, ba ni da kuɗinsa. In kina so in raka ki Kazan, na san wanda ba zai cuce ki ba."

"Wa ya yi maganar Kazan? Shekara talatin da ɗaya yana sata da hannuna, yanzu kuma in sayar da shi in ci riba a kansa? Ba zai ƙara shigo min gida ba. Kai kana da kurkukun kwabbai, ɗaure shi a can. Ni abin da nake so giram biyu ne cikakke. Kawo ɗan sikelin nan naka mai baƙin baki."

Gulfiya ta ce, "Apa, kin dai ji abin da ya ce kuɗin ya kai?"

"Na ji, 'yar nan, kunnena ƙalau. Kawo kwalba."

Aka zazzage kwalba guda a tebur. Ta riƙa ɗora su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya gaza da ɗigo bakwai, wancan da biyar, wani da uku. Duk wanda ya gaza sai ta ture shi da bayan yatsa tana tsaki. Da kwalbar ta ƙare ta nuna shuɗin kundin da ke kan kanta.

"Waɗancan fa?"

Rafkat bai taɓa bari wani ya taɓa kundin ba, har Gulfiya. Ya sauko da shi da kansa. A shafi na uku akwai na 1984, wanda ya samu sabo fil ranar da aka kawo shi ofis, bai taɓa shiga tarho ko aljihun kowa ba. Ya zaro shi da ɗan hantsaki ya ɗora. Giram biyu daidai, babu ɗigo ko ɗaya.

"Wannan," in ji Minzifa-apa, ta sa yatsu ta ɗauke shi ta ɗaure a bakin ɗankwalinta. Rafkat ya runtse ido da ya ga yatsun a kan ƙyallin.

Sannan ya warware ƙunshin jaridar. Sai da ya gwada sau biyu kafin kwabon ya shiga aljihun robar. Layin farko ya cika. Ya daɗe yana kallo, hawaye na bin gefen hancinsa, bai damu ya share ba. Da ya dawo hayyacinsa ya yanki 'yar takarda ya rubuta, ya karanta musu: "Na Minzifa-apa ne. Ajiya ce. Bayan raina a mayar wa jikokinta." Ya cusa ta bayan kwabon.

"Rubuta abin da ka ga dama," in ji ta. "Amma ba mu gama ba. Waɗancan na kan firji, kwaso su. Gobe Asabar ka zo da wuri. Ni zan auna, kai kuma duk wanda ya sayi karas ka ƙara masa da yatsu uku. Kai ka tono maganar, kai za ka tsaya ka ji ana tambaya."

"Har yaushe, apa?"

"Har sai na ce ya isa."

Bana shekara uku ke nan ba ta ce ba. Duk Asabar ɗin shuka za ka same shi a gefen teburin da hularsa, yana ƙara iri da yatsu uku, yana ba kowace tsohuwa labarin tun daga farko ko ta tambaya ko ba ta tambaya ba. Masu sayen karas sun ninka, mai zuma kuma ta samu sabon abin faɗa.

Arkadi ya zo ganin kwabon da gilashinsa na dubawa. Ya duba gaba, ya duba baya, ya karanta 'yar takardar ya girgiza kai, ya ce bai taɓa ganin wautar da ta yi riba irin wannan ba. Yana juya shafi sai ya ci karo da gurbi a shafi na uku.

"Kai Rafkat, ka samu na ashirin da bakwai ka rasa na tamanin da huɗu? Wannan ai ko a kwata ana tsintarsa. Ina da cikin gwangwani, gobe in kawo maka goma."

Rafkat ya karɓi kundin ya rufe a hankali.

"Bar shi, Likita," ya ce. "Ba ɓata ya yi ba. Yana wurin aiki."